Barandar Mama da Taragon Mata

Gara in faɗa muku da bakina kafin ku ji a wani wuri: maganar farko da na taɓa yi wa Hazim zagi ce. Ba sallama, ba sannu. Zagi na yi masa a gaban mata sun fi hamsin, da muryar nan tawa da Baba ke cewa da masu jirgi sun san da ita da ba su sayi lasifika ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo shafin nan, sunana Radwa, shekarata ashirin da biyar, ina aiki a wani kantin magani a unguwar Sayyida Zainab. Ni kaɗai iyayena suka haifa. Gidanmu yana hawa na huɗu, yana kallon tashar metiro, wato jirgin ƙasan cikin gari, ta Hadayik Zaitun, kusa ƙwarai, har kofunan shayinmu kan yi 'yar rawa a kabad duk lokacin da jirgi ya wuce. Baƙi kan tambaye mu yadda muke iya barci. Mu kuwa da muka taɓa kwana a gidan Tant Nawal, ƙanwar Mama, can sabuwar unguwa a bayan gari, shirun wurin ne ya hana mu runtsawa. Gari na wayewa Baba ya ce a mayar da shi gidansa.

Ina son tashar nan, ba na ɓoyewa. Ina son ƙamshin wake da mai da ke tashi daga amalanken bakin ƙofa, da mai sayar da tikiti da ke miƙo min nawa tun kafin in buɗe baki, da 'yar inuwar da ke faɗowa daidai inda nake tsayawa. Da allunan sunayen tashoshi na koyi haɗa baƙi, Baba na riƙe da hannuna. In da za a bar ni, a unguwar nan zan tsufa.

Amma tashar ta Mama ce kafin ta zama tawa. Tun da gwiwoyinta suka fara ciwo, ga shi gidanmu ba lifta, ta daina sauka sai da babban dalili. Cefane ma da kwando take yinsa: ta zura shi da igiya daga baranda, a zuba mata gurasa da lalo da cuku, ta janye abinta. Sauran yinin tana kan kujerarta ta roba mai matashi biyu, tsakanin tukunyar na'a-na'a da igiyar shanya, tana tsintar shinkafa tana kallon dandamalin jirgi. Shekara ashirin da takwas ke nan. Ta san wanda ke bari a fito kafin ya shiga, ta san mai ture tsofaffi, ta san mai tsallake shingen tikiti in ya ga ba mai kallo. Matan unguwa har hawa huɗun nan suke hawowa in an zo neman 'yarsu, suna haki suna cewa, "Ummu Radwa, kin san ɗan gidan wane?" Mama ba ta tambayar aikinsa ko danginsa. Jirgin ƙarfe nawa yake shiga, shi kaɗai take tambaya, sai ta ce a ba ta mako guda. A ganinta kowane namiji ya iya zaman falo, amma a bakin ƙofar jirgi da safe ba wanda ke iya ɓoye halinsa. Aure huɗu aka ɗaura da shaidar kujerar nan, biyu aka fasa.

Duk cikin laifuffukan da Mama ta sani kuwa, babu wanda ya kai namiji ya shiga taragon mata. Wannan a wurinta ba ya da kaffara. Ku riƙe min shi, mu koma wata takwas baya.

Talata ce, jirgin takwas saura ashirin. Na shiga taragon mata kamar kullum, cunkoso har mutum ba ya ganin ƙafarsa, ƙofa ta yi ƙararta ta rufe. Ina waiwayawa sai ga namiji a tsakiyarmu, dogo, da koriyar riga mai dogon hannu. Ranar nan da ciwon haƙori na tashi, kuma dama ni ba a taɓa yabona da haƙuri ba. Na wanke shi tas. Na tambaye shi ko bai iya karatu ba ne, ko kuwa hoton macen da ke jikin ƙofa ya ɗauka na ƙanwarsa ne. Na ce tarago bakwai bai ishe su ba sai sun biyo mu cikin biyunmu. Sauran mata suka kama, mai cewa a kira 'yan sanda, mai neman cire takalmi. Shi kuwa ya juya fuskarsa ga ƙofa, ya ɗora tafukan hannunsa biyu a kan gilashi inda kowa zai gan su, kunnuwansa sun yi jajur. Abin da ya ce kawai, "Kuna da gaskiya. Tasha ta gaba zan sauka."

Sanyin nan nasa ya ƙara tunzura ni. Akwai wata dattijuwa zaune a gabana, da mayafi ruwan ƙasa, da babbar ambulan ta hoton asibiti a cinyarta. Na sunkuya na ce mata, da ƙarfi yadda zai ji, "Ai ba laifinsa ba ne, Hajja. Laifin uwar da ta raine shi ne." Dattijuwar ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe tana dubana. Sannan ta buɗe jaka ta ciro alewar na'a-na'a mai koriyar leda ta miƙo min.

"Jiƙa maƙogwaronki, 'yata. Kin sha aiki."

Na karɓa na jefa a baki, ina jin kaina wata jaruma.

A tashar Saray Ƙubba ya sauka da sauri ya faɗa taragon da ke biye. Sai a lokacin na ji ana jan gefen siket ɗina. Ummu Sabri ce, tsohuwar da ke kawo ganye da cuku daga ƙauye, ta sayar a ƙofar tasharmu da sassafe, ta kai ragowar tashar Gamra. Tana tsugune kusa da ƙaton bahonta. Ta ce yaron nan shi ya ɗauko mata bahon ya shigo da shi, kafin ya juya ƙofa ta rufe da shi, kuma tun ɗazu take faɗa, muryata ce ta hana a ji. 'Yan uwa, kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba. Alewar ta koma ɗaci a bakina. Ni na sauke wa Ummu Sabri bahonta a Gamra, ko na rage wa kaina nauyi.

Washegari na hango shi a dandamali. Ban yi masa magana a nan ba, na san akwai ido a sama. Na bi shi har Sa'ad Zaglul, tasha ɗaya kafin tawa, na sha gabansa a matakala na ba shi haƙuri. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya yafe, amma yana so ya sani ko haka nake yi wa masu zuwa sayen magani. Da haka aka fara. Mai gyaran lifta ne, gidansu na tsallaken layin dogo, shi da mahaifiyarsa, mahaifinsa ya rasu. Hotonta ɗaya ya taɓa nuna min, na aikin Hajji, cikin fararen kaya, daga nesa.

Wata takwas muka yi a haka. Ni ina tsayawa a ƙofar ƙarshe ta ɓangaren mata, shi a ƙofar farko ta ɓangaren kowa da kowa, taku uku tsakaninmu, ko kallon juna ba ma yi saboda baranda. Waya ce ke magana.

"Mayafin nan shuɗi ya karɓe ki."

"Ka daina kallo, Mama na sama."

"Ba na kallo. Gilashin jirgi ne ya nuna min."

Ni da sai an yi da gaske ake tashina daga barci, na koma mai riga agogo farkawa. Mama har ta yaba min, ta ce hankali ya fara zuwa.

Juma'ar da ta wuce ya zo ganin Baba, shi kaɗai, bayan la'asar. An shirya in an daidaita, ranar Alhamis ya dawo da mahaifiyarsa da kawunsa a karanta Fatiha. Mama ta yi basbusa, kek ɗin nan namu mai ruwan sukari, ta cire ledar kujerun falo, abin da ba ta yi sai da Sallah. Ta sauko da kwalbar sharbat, jan lemon nan da ba a haɗa shi sai ranar da aka ce an ba da yarinya, ta goge ƙurar ta ajiye a kan firji. Ni kuwa na sa doguwar riga ruwan toka mai aiki a bakin hannu, da mayafi ruwan hoda da na sake wa ɗauri sau huɗu.

Da aka buɗe ƙofa na leƙa ta bayan labule, sai gabana ya faɗi. Koriyar rigar ya sa. An goge ta har tana ƙyalli. Daga baya ya ce min wai rigar sa'arsa ce, tunda a cikinta ya same ni. Ku ji fa hankalin maza.

Baba ya ji daɗinsa nan take. Da ya ji sana'arsa sai ya kwashe da dariya, ya ce shekara talatin yana roƙon Allah ya kawo lifta gidan nan, ashe mai gyaran za a fara aiko masa. Mama ta shigo da tire, ta dubi rigar, ta dubi fuskar, ta ajiye tiren a hankali. Ta zauna ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa cikin wani irin ladabi da in na ji shi a bakin Mama jikina kan yi sanyi. Minti biyar ta tashi. Da na bi ta kicin na tarar ta hau 'yar kujera, da gwiwoyin nan nata, tana mayar da kwalbar sharbat saman kabad.

"Mama, me ya faru?"

"Talata, jirgin takwas saura ashirin, ƙofa ta biyu."

"Mama, bari in yi miki bayani."

"Kuma tun daga ranar kullum yana bakin iyakar mata yana murmushi shi kaɗai. Na ɗauka ba shi da lafiya ne. Ashe 'yata yake yi wa."

Na ba ta labarin duka, har da zagin. Ta ce ita ba ta ga wani baho ba, namiji ta gani ya sa ƙafa inda aka hana shi, kuma duk wanda aka kama sai ya nemo tsohuwar da yake taimako. Baba ya sa baki, ta ce masa ya je ya ci basbusarsa. Kafin magariba ta kira Tant Nawal. Ita kuwa dama tana da wani injiniya a hannu, Midhat, mai mota da gida a unguwarsu mai shirun nan, ta shekara tana tallarsa. Abin da ya fi kowa da shi a wurin Mama shi ne bai taɓa shiga metiro ba, don haka ba ta da komai a kansa. Aka ce ya zo ranar Alhamis. Alhamis ɗin Hazim.

Kada ku yi wa Mama mummunar fahimta. Ba za ta yi min dole ba, ba halinta ba ne. Amma ni ma ba zan iya shiga gidan da ba ta sa wa albarka ba. Ta san haka, na san haka, shi ya sa ba wanda ya ɗaga murya. Na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na fito na wanke kwanukan basbusa.

Ranar Asabar na rubuta wa Hazim.

"Ka yi min alkawari. Daga yau ka koma can ƙarshen dandamali. Ko gobara ta tashi a taragon mata kada ka matso."

"Ko gobara?"

"Ko gobara. Kuma ka ƙona rigar nan."

"Na ɗauki na farko. Riga kam ba ta yi laifi ba."

Lahadi da sassafe na kawo shaidata. Da Mama ta zura kwando, na leƙa na ƙwala wa Ummu Sabri kira daga hawa huɗu, na ce ta faɗa wa Mama wanda ya ɗaukar mata baho ranar nan. Ta kare ido da hannu ta ɗago kai. Ta ce kullum Allah sai ya jefo mata ɗan albarkar da zai ɗaga mata kaya, ita kuwa ƙafarta take kallo, ba fuskar mutane ba. Amma dai ta tuna wata yarinya mai baki kamar rediyo. Duk titin ya yi dariya, har mai wake. Mama ta janye kwandonta. Sai dai na lura ta daɗe tana kallon dandamali, shinkafa na gabanta ba ta taɓa ba.

Litinin ta aike ni hawa uku in aro mata niƙabin maƙwabciyarmu, wai za ta duba ɗinkin. Ni kuwa na yarda, don hankalina ba ya jikina.

Talata na fito ƙarfe bakwai da shirin aiki, na tarar da wata mata a tsakiyar falo cikin baƙar abaya da niƙabi. Takalman ne suka tona ta, masu faɗin nan na masu ciwon ƙafa. Kusa da ita buhun shinkafa, an cusa masa tsofaffin labulenmu, da turmin tagullar kakata a tsakiya don ya yi nauyi.

"Kawo wayarki."

"Mama, ina za ki?"

"Tasha. Shekara ashirin da takwas ina kallo daga sama. Yau zan gani daga ƙasa."

Ta miƙa wa Baba wayar, ta ce ya sa a aljihun jallabiyarsa, in na matso ya zauna a kanta. Ta ce in halin yaron ne zai sake yi ba tare da an gaya masa ba, in kuwa labari muka shirya zai wuce ta kamar kowa. Na buɗe baki in gaya mata alkawarin da na sa ya ɗauka, ta ɗaga min hannu, ta ce an fara nema masa mafita ke nan tun ba a je ko'ina ba. Ni da wayona na kore shi can ƙarshen dandamali, ni na sa ya rantse, ga shi wayon ya dawo kaina.

Da igiyar kwando muka zura buhun, ni da Baba, Ummu Sabri ta tare a ƙasa, ashe da ita aka ƙulla. Mama kuwa minti goma sha biyar ta yi tana sauka, ina jin numfashinta a kowane hawa. Tausayinta ya kama ni. Ko da don ta kayar da ni take yi, saboda ni take shan wannan wahalar.

Na fita baranda na zauna a kujerarta, karo na farko a rayuwata. Matasan biyu sun lotsa daidai jikinta. Daga nan mutane ƙanana ne, ba a jin abin da suke cewa, kuma in an cika ba a ganin komai ƙasa da kafaɗa. Sai na gane yadda ƙaton baho zai ɓace wa mutum daga nan.

Baba ya biyo ni baranda da shayinsa, sai wayata ta yi ƙara a aljihunsa, saƙon Hazim ne. Ya ajiye shayinsa, ya gyara tabarau, ya karanta da muryar mai labaran rediyo.

"'Ban hango ki ba, lafiya?' Akwai wani jan abu a ƙarshe. Tumatir ne?"

"Baba, don Allah."

"'Ina can ƙarshe kamar yadda kika ce. Kin karya kuwa?' Yaron kirki. Ni tun safe ba wanda ya tambaye ni."

Na hango shi can nesa, da rigar aikinsa shuɗiya da jakar kayan gyara a kafaɗa. Mama tana tsakiya, ƙarƙashin allon mata, Ummu Sabri ta ja mata buhun har wurin ta zame ta bar ta. Tarago uku ne tsakaninsu. Kofunan kabad suka fara rawa, jirgi ya shigo, ƙofofi suka buɗe, mata suka dunguma ciki. Mama ta kama bakin buhun ta ja, ko motsi bai yi ba. Wani mai kwat ya kewaye ta ya wuce. Wani saurayi ya dube ta, ya dubi agogonsa, ya wuce. Hazim ya riga ya sa ƙafa ɗaya a taragonsa, sai ya waiwayo, na san ni yake nema karo na ƙarshe. Ya tsaya cak. Daga hawa huɗu ina ganin yana shawara da zuciyarsa.

Wallahi ban taɓa roƙon Allah ya sa namiji ya saɓa min alkawari ba sai ranar. Ashe a fili nake yi.

"Ya Allah ka sa ya saɓa. Ya Allah ka sa ya saɓa."

"Amin," in ji Baba, "ko da ban san mene ne ba."

Sai ya kwasa da gudu, jakar na dukan bayansa. Ya sunkuci buhun, ya yi tangal-tangal, ya haɗu da turmin kakata. Ya ajiye shi a cikin ƙofa da hannu kawai, ƙafafunsa biyu a waje. Ya koyi darasi, na ce a raina, ya tsira. Amma da Mama ta ɗaga ƙafa za ta shiga, gwiwar ta ci amanarta da gaske. Na san wannan karkacewar, ba wasa ba ce. Ta tafi gefe za ta faɗi, ta cafke hannunsa, shi kuwa bai tsaya tunani ba ya tallafe ta ya shigar da ita. Ƙofa ta yi ƙararta ta rufe, jirgi ya ja.

Baba ya bi jirgin da kallo har ya ɓace. "To," ya ce. "Ya tafi da matata."

Minti biyu suka wuce. Sannan wayar ta fara ƙara, saƙo na bin saƙo, Baba na karantawa.

"'Radwa, na saɓa alkawari. Abin ya sake faruwa.'"

"'Wata ɗaliba ce ta fara yau. Ba ta kai ki ba.'"

"'Radwa.'"

"'Tsohuwar ta ɗage niƙabi.'"

"'Mamanki ce.'"

Baba ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuwa na riƙe ƙarfen baranda da hannu biyu. Wani saƙon ya shigo, wai yanzu ya san inda na gado murya, taragon duka ya yi tsit. Sai na ƙarshe. Baba ya fara karantawa da muryar labaransa, ya tsaya, ya cire tabarau ya goge, ya sake farawa da muryarsa ta gaske.

"'Ta ce musu duk wadda ta sake buɗe baki da ita za ta yi. Ta ce ni mijin 'yarta ne. Da bakinta ta faɗa, Radwa, a gaban kowa.'"

Na zauna a ƙasa kusa da tukunyar na'a-na'a na yi kuka, irin na daɗi, Baba na bubbuga kaina da wayar yana cewa ya isa haka, maƙwabta za su ɗauka mutuwa aka yi.

Sai wajen azahar suka dawo. Gwiwar ta kumbura, hawa huɗu ba zai yiwu nan take ba, gidan su Hazim kuwa a ƙasa yake, don haka da suka juyo daga Saray Ƙubba can ya kai ta ta huta. Na ji su tun daga hawa biyu, Mama na riƙe da hannunsa tana ba shi umarnin inda zai taka, buhun na kafaɗarsa. A bakin ƙofa ya sauke, ya gaida Baba, bai yarda ya dube ni ba, ya ce ya makara aiki ya juya. Kunnuwan dai sun yi jajur kamar ranar farko.

Mama ta zauna a kujerarta, ta miƙe ƙafa a kan bokiti. Ba ta ce ta yi kuskure ba, kada ma ku sa rai. Ta dai dubi dandamali ta ce rumfar nan ta tsakiya tana tare wa mutum gani, ya kamata a gyara ta. Sannan ta ce wa Baba ya hau ya sauko mata da kwalbar nan, ya kuma kira Nawal ya gaya mata Alhamis tana da masu ita. Na durƙusa na sumbaci hannunta, ta ture ni ta ce in kawo mata ruwa.

Da na kawo, ta sha, ta ce mahaifiyar yaron mace ce mai hankali, gidanta tsaf, ita da kanta ta shafa mata man zafi a gwiwa, kuma ta iya shayi.

"Ta ce ta san ki."

"Ni? Ai ba mu taɓa haɗuwa ba."

"Ta ce kun taɓa. Ranar asibiti ya rako ta. Ya shigar da ita taragon mata, ya juya zai koma nasa sai ya ga mai baho."

Mama ta sa hannu a aljihun abayarta, ta buɗe tafinta a gabana. Alewar na'a-na'a ce mai koriyar leda.

"Ta ce in ba ki, ki jiƙa maƙogwaro kafin Alhamis. Wai akwai maganar da kika fara yi mata a kan uwar da ta raini yaron nan, tana so ta ji ƙarshenta."

Mayafi ruwan ƙasa. Ambulan ɗin asibiti. Kallon nan ta saman tabarau. Na fizgi wayata daga aljihun Baba.

"Wata takwas, Hazim. Ba ka faɗa min ba."

"Ita ta hana."

"Fushi take yi da ni?"

Na ga alamar yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Sai alamar ta ɗauke gaba ɗaya, na san jirginsa ya wuce Gamra ya shige ƙarƙashin ƙasa.

Ga kwalbar sharbat can a kan firji, Mama na waƙa ƙasa-ƙasa tana tsintar shinkafarta, Baba na neman inda aka ajiye ledar kujeru don kada a mayar. Kowa a gidan nan yana cikin farin ciki, ni ma haka, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma alewar na nan a hannuna ban ɓare ba. Saura kwana biyu, kuma ni zan miƙa wa matar nan kofin farko da hannuna.